Gogen Baba Kormak

A safiyar ranar da za a yi wasan aka tsinci Inna Bakhita kwance cikin jini a ƙofar ɗakin ajiya, bayan zauren 'yan Sudan na unguwar Arba wa Nus a Alƙahira. Tsintsiyarta na yashe a gefe, an ɓalle kwaɗon ɗakin, gogen Baba Kormak kuwa babu shi babu akwatinsa. Tsohuwar tana numfashi, amma ko an kira sunanta ba ta motsi. Kafin a samo tuktuk, keken haya mai ƙafa uku, a kai ta asibiti, wani ya hango takalma a bayan tarin bulo, ɗaya da jini a bakinsa. Duk unguwar ta san su. Jajayen kambas ne, na Habibu.

Shekarar dubu biyu da sha uku ce, lokacin da aka sa wa Alƙahira dokar hana fita da dare. Sojoji na tsaye a mahaɗar manyan tituna, baƙo kuwa, musamman baƙar fata, ba ya fatan wani mai kaki ya tare shi ko da tambayar hanya ce. Shi ya sa da farko babu wanda ya ambaci 'yan sanda. Awadiyya, matar mai gogen, ita ta ce a kira Harun.

Harun mutumin Mai Wurno ne, garin Hausawa da Fulani a ƙasar Sudan. Ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun ɓarayin shanu, ya yi ƙarfinsa yana rako raƙuma zuwa kasuwannin Masar, har gwiwa ta ƙi shi ya zauna yana sayar da turare. In an yi ɓarna a unguwa shi ake nema. Wani lokaci ya gano, wani lokaci ya ce bai ga komai ba, domin kwalta ba ta riƙe sawu. Amma lungunan Arba wa Nus ba su san kwalta ba. Yashi ne da ƙurar siminti.

Ya san Baba Kormak tun a can gida. Bature ne ɗan ƙasar Ailan, ya shigo Sudan yana saurayi da gogen kakansa a baya, irin wanda Misrawa ke kira kamanja. Ya zauna, ya ji Hausa, ya musulunta, ya auri Awadiyya tana bazawara da ɗa ƙarami, daga baya suka dawo Alƙahira. Babu bikin 'yan Sudan da ba a kiransa. Yakan ja waƙoƙin masunta da makiyayan tumakin ƙasarsu, masu ganga su bi shi a baya, tsofaffin mata su yi ta share hawaye alhali ba su san me waƙar ke cewa ba. Yanzu ƙodarsa ta lalace, sai an riƙa wanke masa ita a asibiti. Don haka aka shirya wasan taimako, bayan la'asar, a tashi kafin dokar hana fita ta kama. 'Yan ƙasarsu da ke koyarwa a makarantun birni za su zo da sarewarsu, makaɗan Sudan za su zo da nasu. Tunda hannun tsohon rawa yake yi, ɗalibinsa Habibu ne zai ja gogen. Bayan gwajin jiya aka kulle gogen a ɗakin ajiya.

* * *

Da Harun ya iso, tsakar zauren ta cika da mutane, kowa na magana. Hatim ne ya taro shi, ɗan Awadiyya wanda Baba Kormak ya rena. Direban wani kamfani ne a unguwar Mohandessin, shi ya buga tikitin wasan, shi ya yi hayar kujeru. Idonsa ya yi ja.

"Ammu Harun, ma'alish, yi haƙuri, an taso ka a banza. Ga takalman nan, kowa ya gani. Babana ya ɗauke shi kamar ɗa, ga sakayyar."

"Allah ya ba Inna Bakhita lafiya," in ji Harun. "Ku ja da baya, duk ku koma cikin zaure. Kada ƙafar kowa ta sake taka bayan nan."

Al'adar Bakhita ce ta yayyafa ruwa kafin ta yi shara, saboda haka ƙasar bayan ɗakin tana da laima. Mutane sun tattake bakin ƙofa, amma ta wajen ƙofar baya, wadda ke fita lungu, sawu na nan kwance kamar an zana. Takalman Habibu sun shigo, sun tsaya a bakin ɗakin, sun fita da sauri. Harun ya durƙusa da ƙyar, ya daɗe yana kallo. Bakin takalmin bai nutse ba. Ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba, yawo take yi. Ta dama kuma duk taku sai ta murɗe waje, ta bar ɗan karce a gefe.

Ya bi sawun har bayan tarin bulo inda aka ga takalman. A nan wani famfo ke yoyo, ya jiƙa yashin. Wanda ya cire takalman ya tsaya a kan ƙafa ɗaya kafin ya sa nasa, ya bar sawun ƙafar dama tsirara. Diddige ya fito, tafin ƙafa ya fito, yatsu huɗu sun fito. Gurbin babban yatsa kuwa sumul yake, babu abin da ya taɓa shi.

Wannan ba ɓarawon da ya ji tsoro ya yar da takalmi ba ne. Mutum ne da ya zauna ya yi tunani, ya zaɓi wanda zai mutu a madadinsa. Harun ya samo wani fasasshen baho ya kife a kan sawun, ya ɗora bulo. Daga nan sawun takalmin fata ne, ya miƙe zuwa bakin titi, inda tayar mota ta taka ta wuce.

Da ya dawo suka yi caa a kansa. Ya ce bai gama ba tukuna.

* * *

Dattawa sun kulle Habibu a ɗakin tabarmi na zawiyar unguwa, ƙaramin masallacin da ke lungu na gaba, don kada a kashe shi. Samari na zaune a ƙofa, wasu da sanduna a kan cinya. Suka buɗa wa Harun hanya ba tare da gaisuwa ba.

Habibu na rakuɓe a kusurwa, dogon mutum mai kusan shekara talatin, leɓensa a fashe.

"Miƙo ƙafafunka," in ji Harun.

Ya miƙo. Manya ne, yatsu goma cif.

"Ina ka bar takalmanka?"

"A ƙofar nan, Ammu, da asuba. Na idar da salla na zauna lazimi, da na fito babu su. Da silifas ɗin banɗaki na koma gida. Na faɗa musu, suka ce ai dole in ce haka." Ya ɗago ya dubi Harun. "Inna Bakhita ce ke ba ni shayi kyauta lokacin da na zo garin nan ban san kowa ba. Ya jikinta?"

"Ba ta farfaɗo ba. Wa kake da rigima da shi?"

"Babu kowa, wallahi."

"Takardar zamanka fa?"

Habibu ya sunkuyar da kai. "Iƙamata ta ƙare tun bara. In suka kai ni wajen hukuma, ba kurkuku nake tsoro ba. Mayar da ni za su yi. Ka san yadda na baro garin Damazin, ka san waɗanda suka kashe yayana suna nan."

Harun ya sani. Ya dafa bango ya miƙe. A ƙofa ya dubi samarin ɗaya bayan ɗaya, ya kira kowanne da sunan ubansa, ya ce duk wanda ya taɓa ƙofar nan kafin ya dawo, sawunsa zai bi ko da ya shiga teku.

* * *

A bakin shagon mai ful, dafaffen waken Misrawa, wata mata ta ja shi gefe ta raɗa masa cewa a bincika Ɗanmalam. Ɗalibi ne daga Zariya, yana karatun fiƙihu, shi ke jan salla a zawiyar wasu ranaku. Makon jiya bayan azahar ya tashi ya ce wasan nan bai halatta ba, kuma irin wannan kayan kiɗa wuta ce ta dace da shi.

Harun ya same shi a ɗakin da suke haya da 'yan uwansa ɗalibai, zaune a kan darduma da littafi a buɗe. Abin da ya fara kallo ƙafafunsa ne. Sirara ne, babu yatsan da ya ɓata.

"Baba, bismillah, zauna. Na san abin da ya kawo ka."

"Ka ce a ƙone gogen."

"Na faɗa, kuma ban janye ba. Ra'ayin malamaina ke nan, a kai zan mutu in Allah ya so. Amma in ɗaga ƙarfe a kan tsohuwa? A'uzu billahi. Baba, da zan ƙone shi da rana tsaka zan yi, gaban kowa, in faɗi hujjata."

"Kai ka ja sallar asuba?"

"Ni ne. Habibu na sahun farko, a bayana. Da na fito na tarar da shi yana neman takalmi, har na taya shi dubawa."

"Me ya hana ka faɗa wa mutane?"

"Na faɗa. Suka ce mun haɗa baki, ni ina son a ɓata wasa, shi yana son goge." Ya yi murmushin takaici. "Jiya mu biyu ba ma ga maciji da juna a kan kiɗa, yau mun zama abokan sata."

"Ka ga wani baƙon abu a hanya?"

Ɗanmalam ya rufe littafinsa. "Mota. Lokacin da nake zuwa kiran salla na ga wata a bakin titi, fitilu a kashe, da mutum a ciki. Na ɗauka jami'an tsaro ne, ka san halin da ake ciki. Na kau da kai na wuce da sauri."

"Wace iri?"

"Wallahu a'alam. Duhu bai gama washewa ba, ni kuma tsoro nake ji."

Harun ya ce ya zo zaure in an yi la'asar. Ɗanmalam ya ɓata fuska, ya ce shi ba ya shiga wurin kiɗa. Harun ya ce yau babu kiɗa.

* * *

Ya hau mikrobas zuwa Hayyin Ashir, unguwar da Baba Kormak ke zaune. A hanya sojoji suka tsayar da su, wani yaron soja ya leƙo ya ƙare wa fuskoki kallo, ya daɗe a kan ta Harun, sannan ya buga jikin motar suka wuce.

Baba Kormak na kwance kusa da taga, fatarsa ta koma ruwan ɗorawa, ƙafafunsa sun kumbura. Awadiyya ta dawo daga asibiti wajen Bakhita, tana zaune a ƙasa kusa da gadon.

"Harun ɗan uwana," in ji tsohon da Hausarsa ta Mai Wurno, "an ce mini Habibu. Ƙarya ne."

"Me ya sa ka tabbata?"

"Mutum ba ya satar abinsa. Yau ɗin nan, a gaban jama'a, zan ba shi gogen kyauta. Hannuna ya mutu, ni ma na kusa. Shi kaɗai ne ya iya waƙoƙin kakana, har waɗanda 'yan ƙasarmu suka manta."

"Habibu ya san da wannan?"

"A'a. So na yi in ga fuskarsa."

"To wa ya sani?"

"Mutanen gida kawai. A kan abinci na faɗa, ranar Juma'a."

"Akwai wanda ya taɓa neman saye?"

Awadiyya ce ta amsa. Ta ce akwai wani Bamisire mai shagon tsofaffin kaya da ya yi ta naci bara, har gida yake zuwa da mota. Harun ya gyara zama. Amma da ya tambayi inda mutumin yake, sai ta ce ai ya rufe shago tun farkon rikicin nan, ya tafi wajen 'yarsa a ƙasar waje. Wannan hanya ta toshe ke nan.

Harun ya sha shayin da aka ba shi bai ji ɗanɗanonsa ba. Mutanen gida. Ya dubi ƙafafun Awadiyya da ke miƙe a kan tabarma, da lalle a yatsunsu duka. Ya so ya yi mata tambaya guda, ya buɗe baki, sai ya ga yadda take gyara wa mijinta matashi, ya fasa. Tambaya irin wannan ba a yi wa uwa ita a kan zato.

Wayarta ta yi ƙara. Ta saurara, ta dube shi.

"Hatim ne. Ya ce ya gaji da jira, ya je ya kai ƙara. 'Yan sanda sun ce za su zo su ɗauki Habibu kafin magariba."

Harun ya ajiye kofin. "Yaya Awadiyya, ki zo zaure bayan la'asar."

"Ni ma za ni," in ji Baba Kormak.

"Jikinka ba zai ɗauka ba."

"Gogena ne, ɗalibina ne. Ku ɗauke ni."

* * *

Kafin kiran la'asar Harun ya rufe ƙofar gaba ta zauren, ya bar ta gefe kaɗai a buɗe. Ya ɗebo yashi mai laushi daga ginin maƙwabta ya baza a bakinta, ya yayyafa ruwa, ya lallaɓe shi da tsintsiya. Sannan ya ja kujera ya zauna a wurin da carbi a hannu, kansa a sunkuye kamar mai gyangyaɗi.

Dattawan unguwa uku suka fara shiga. Sai Ɗanmalam. Sai Mahasin, 'yar Inna Bakhita, idanunta a kumbure. Aka kawo Habibu a tsakiyar mutum biyu, ƙafa ba takalmi. Duk wanda ya wuce, Harun ya duba, ya sa tsintsiya ya share. Aka shigo da Baba Kormak a keken guragu, Awadiyya na biye. Can sai ga Hatim, da wayarsa a kunne, yana cewa wani, "Tamam, ya basha, muna jiranku." Ya taka yashin da takalmansa na fata masu sheƙi, ya wuce ciki.

Harun bai share ba. Ƙafar dama ta murɗe waje, ta bar ɗan karce a gefe.

Ya daɗe a zaune. Ya tuna yaron nan yana rarrafe a tsakar gida a Mai Wurno, kafin hanyar raƙuma ta raba shi da su shekaru masu yawa. Sannan ya tashi ya shiga, ya ja ƙofa ya rufe.

Kujerun haya na jere, babu kowa a kansu sai 'yan tsirarun nan a gaba. A bango an manna hoton Baba Kormak da gogensa. Daga waje ana jin hayaniyar samari.

"Wanda ya doki Inna Bakhita ya sa takalman Habibu," in ji Harun, "amma ba Habibu ba ne. Takalman sun yi masa yawa. Ya ɗauke su a ƙofar zawiya ana cikin salla, ya shigo ta baya, ya ɓalle kwaɗo, ya fita ya ajiye su inda ya san za a gani."

"Wannan ai zance ne, Ammu," in ji Hatim. "Nan Alƙahira ce, ba dajin shanu ba. Khalas, magana ta ƙare, hukuma na hanya."

"Suna hanya, shi ya sa zan gaggauta. Lokacin da mutumin nan yake canza takalmi, ya taka jiƙaƙƙen yashi da ƙafarsa tsirara. Sawun na nan, na rufe shi da baho, duk mai so ya je ya gani. Ƙafar dama ce." Ya tsaya, ya kau da idonsa daga kan Awadiyya. "Ba ta da babban yatsa."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Awadiyya, ba kuka ba, ba magana ba. Ta dafa keken mijinta don kada ta faɗi. Baba Kormak ya rufe idonsa.

"Kowa ya cire takalmi," in ji ɗaya daga cikin dattawan.

Ɗanmalam ya cire, Mahasin ta cire, dattawan ma suka cire. Hatim ya tsaya ƙyam.

"Ni zan cire? Ni da na yi wata guda ina yawo a kan wasan nan? Ni za a wulaƙanta saboda wannan..."

"Hatim." Muryar uwarsa ce, ƙasa-ƙasa. "Ba sai ka cire ba. Ni na wanke maka ciwon."

Ta juya ga dattawan, tana magana kamar mai ba da labarin wani can daban. Ta ce yana ƙarami, farkon zuwansu garin nan, tukunyar gas ta gangaro daga matakala ta faɗa masa a ƙafa. Baba Kormak ne ya goya shi da gudu har asibiti. Tun daga nan ba ya yarda kowa ya ga ƙafar, ko a gida da safa yake yawo.

Hatim ya dubi ƙofa, ya ji hayaniyar da ke bayanta, ya zauna a kan kujera.

"Ina gogen?" in ji Harun.

"Yana but ɗin mota." Bai ɗago ba. "Ba sayarwa zan yi ba. Ban ma san me zan yi da shi ba." Sai ya juya wajen tsohon. "Tun ina yaro ni ke goge maka shi, Baba. Ni ke ɗaukar maka akwatin zuwa gidan biki, in kwana a kan kujera ina jiranka. Na yi ta koyo hannuna ya ƙi. Sai ka dube ni a kan abinci, kana murmushi, ka ce za ka ba wani abin kakanka. Ko tunanin zan ji zafi ba ka yi ba."

"Uwata fa?" Mahasin ta taso, dattawa suka riƙe ta. "Me uwata ta yi maka?"

"Ban san tana zuwa da wuri haka ba. Ina fitowa da akwatin na gan ta a gabana. Da ihu ta yi, da gudu zan yi. Sai ta dube ni ta yi dariya, ta ce, 'Hatim, me kake yi da takalman mutane?'" Ya dubi hannunsa. "Rodin da na ɓalle kwaɗon yana hannuna."

Habibu ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuskarsa.

Aka buga ƙofar gaba da ƙarfi. Wani daga waje ya ce motar 'yan sanda ta shigo lungu. Harun ya kama hannun Habibu ya ɗaga shi, ya miƙa shi ga Ɗanmalam.

"Fita da shi ta baya, ka kai shi ɗakinku. Ko ba shi da laifi, in suka nemi takardarsa ya tafi ke nan."

"Yalla, ya akhi," in ji Ɗanmalam, ya tura masa silifas ɗinsa, suka fice.

Ɗaya daga cikin dattawan ya matso kusa da Awadiyya, ya ce a hankali, in tana so za a iya cewa kuskure aka yi, an sasanta a gida. Ta dubi Mahasin, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta gyara mayafinta, ta je ta kama ɗanta a wuyan hannu.

"Tashi. Kai ka kira su. Ni zan raka ka."

Ta buɗe ƙofar da kanta. Samarin da ke waje suka ga wanda ta riƙo, sandunansu suka sauka ƙasa, suka buɗa musu hanya.

* * *

Inna Bakhita ba ta farfaɗo ba. Aka binne ta a maƙabartar da ke bayan unguwa, iska na kwaso yashi tana watsa wa masu salla a fuska.

Bayan an share makoki aka yi wasan. Baba Kormak ya ce ba zai karɓi komai ba sai an raba abin da aka samu da jikokin marigayiyar, aka yarda. Zauren ya cika har waje. Turawan suka busa sarewarsu, masu ganga suka bi su, amma babu wanda ya tashi rawa. Da aka zo kan Habibu, ya ɗauki gogen, ya ja wata waƙa mai sanyi da tsohon ya ce a ƙasarsu ana yi wa waɗanda teku ya ci. Mahasin ta fita tun kafin ya kai ƙarshe. Awadiyya ba ta zo ba. Tun ranar da aka tafi da ɗanta ba ta sake taka Arba wa Nus ba.

Rana na yin ja mutane suka fara zamewa, kowa na sauri ya isa gida kafin a rufe hanyoyi. Harun na tsaye a bakin ƙofa lokacin da aka turo keken Baba Kormak. Tsohon ya kama masa riga, ya jawo shi ƙasa kusa da bakinsa.

"Gobe ake barin 'yan uwa su ga fursunoni. An ce layin da tsawo, kuma akwai matakala. Awadiyya ba za ta iya ɗaukata ba."

"Ba lalle ya yarda ya fito ya gan ka ba," in ji Harun. "Balle ni."

"Na sani. Amma ɗana ne. Za ka zo?"

Harun ya dubi lungun da ke ƙara duhu, ya ji gwiwarsa na zogi.

"Zan zo da sassafe," ya ce. Ya karɓi keken daga hannun mai turawa, ya tura shi cikin yashi zuwa bakin titi.